Wata takwas da rasuwar Yaya, har yau an kasa raba gado, ku ba ni shawara

Abban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi min afuwa yau zan yi dogon rubutu, abin ne ya cika min ciki. Yayana da nake bi uwa ɗaya uba ɗaya Allah ya yi masa rasuwa wata takwas kenan, ciwon kwana uku kawai ya yi. Ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, ga Hajiyarmu tana raye. Babban ɗan shekararsa 19, autar kuwa ko yaye ba a yi mata ba lokacin. Yana da shago a Kwari, gida biyu, ɗaya a Gwammaja inda uwargida take ɗaya a Rijiyar Zaki inda amarya take, sai filaye da muke ta jin labarinsu a bakin mutane amma takarda ɗaya tak muka gani a durowarsa.

Matan sun fita takaba tuni amma an kasa zama. Hajiya ta ce akwai kuɗin gonarta ta gado da ta sayar ta ba shi ya zuba a jari, kuma gaskiya ne don ni kaina na sha jin yana ce mata kuɗinki na nan Hajiya suna juyawa, amma nawa ne, rance ne ko haɗin jari ne, babu wanda ya sani. Amarya ta ce gidan Rijiyar Zaki ya ba ta kyauta ranar sunan ɗanta na fari, uwargida ta ce ita kunnenta bai taɓa ji ba. Yaron shagonsa kuma yana riƙe da wata takarda da lauya ya yi, wadda ake cewa fawa of atoni, wato takardar wakilci, Yaya ya yi masa ita lokacin da yake yawan zuwa Chaina saro kaya, wai har yanzu da ita yake karɓar kaya yana biyan mutane. Sannan ni ya rubuta a banki a matsayin nes of kin, wato makusancinsa, shi ne dangin matan suke min wani irin kallo kamar na danne wani abu alhali wlh ko sisi ban taɓa ba, da na je bankin ma cewa suka yi sai na kawo takarda daga kotu.

Tambayata biyu ce. Ta ina za mu fara warware wannan? Sannan ni ma ina da iyali da ɗan abin da ba a rasa ba, ba na so in bar wa yarana irin wannan, yaya ake rubuta wasiyya yadda ba za ta saɓa wa shari'a ba?

Maman Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari. Ina karantawa jikina yana sanyi, kamar labarin gidanmu kake bayarwa.

Ɗan Wambai:
Allah ya gafarta masa. Amma ni dai a ganina maganar rubuta wasiyya ɗin nan duk tsarin turawa ne ake shigo mana da shi, su ne mutum zai ɗauki dukiya ya ba wanda ya ga dama ya hana ɗansa. Mu Allah da kansa ya raba gado a Suratun Nisa'i, bai bar wa kowa ba, to me kuma za ka rubuta? Ku kai wa alƙali ya raba muku a wuce wajen.

Malam na Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa can ta fi masa nan. Ɗan Wambai rabin maganarka daidai ce, Allah ne ya raba, aya ta 11 da ta 12 da ta 176 a Nisa'i, babu mai ƙarawa babu mai ragewa. Amma koma ka karanta aya ta 11 da ta 12 ɗin a nutse, ai a cikinsu ake ta maimaita cewa rabon sai bayan an fitar da wasiyya da bashi. Kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar yana cikin Bukhari da Muslim, bai kamata musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wajensa. To ka ga ba daga Ingila aka kawo mana ba.

Inda mutanenmu suke ruɗewa, suna zaton wasiyya ita ce ka ce wane ya ɗauki gidan nan wance ta ɗauki mota. A'a. Magaji ba a yi masa wasiyya, sai in sauran magada sun amince bayan rasuwa, kuma yaro ƙarami babu mai ikon yafe haƙƙinsa a madadinsa. Wanda ba magaji ba shi ake yi wa, ita ma ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi SAW ya faɗa wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, ya ce sulusi, sulusin ma da yawa, ka bar magadanka a wadace ya fi ka bar su suna roƙon mutane.

Amma babban amfanin rubutun ga ɗan kasuwa ba ma sulusin ba ne. Alƙali yana raba abin da yake na mamaci ne, to wa zai gaya masa wanne ne na mamaci wanne ne ba nasa ba? Kuɗin Hajiya ba gado ba ne, haƙƙinta ne da ya kamata a fitar kafin komai, ga shi yanzu tsohuwa sai ta nemo shaidu a kan ɗan da ta haifa. Layi biyu da ya rubuta da duk ba a kai nan ba.

Ɗan Wambai:
Allah gafarta Malam na ji, amma ai mutanen da ba sa rubutawa kuma ba a jin irin wannan rigimar.

Baba na Yakasai:
Yaro mutanen da suna rubutawa. Ni mahaifina fatauci yake, yana da wani littafi na ajami a cikin adaka, wanda yake bi da wanda ke binsa da wanda ya ba shi ajiya duk suna ciki, ranar sadakar uku aka buɗe a zaure gaban mai unguwa da liman aka karanta. Kuma a lokacin dukiyar mutum a fili take, gida ne da gona da dabbobi da kaya a rumfa, kowa a unguwa ya san iyakarta. Yanzu kuwa mutum yana da asusu biyar a waya wanda matarsa ba ta san ko ɗaya ba.

Malam na Gwammaja:
Abban Sultan bari in yi maka lissafi da misali don ka samu natsuwa. A ƙaddara bayan an cire kuɗin jana'iza, an biya basussuka har da na Hajiya da sadakin da bai cika ba in akwai, abin da ya rage miliyan 24 ne kuma babu wasiyya. Matan biyu tumuni ne nasu, miliyan 3, su raba daidai, kowacce miliyan ɗaya da rabi, babu bambancin uwargida da amarya. Hajiya sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, maza uku kaso shida mata huɗu kaso huɗu, kaso goma kenan, kowace mace miliyan 1.7 kowane namiji miliyan 3.4. Kai kuwa ba ka da komai a ciki, tunda akwai ɗa namiji ya katange 'yan'uwa. Ka faɗa wa dangin matan haka da bakinka a gaban kowa, za ka ga kallon ya canja.

Barista Ummi:
Slm, Allah ya jiƙan Yaya. Malam ya yi min sauƙi, bari in ɗora daga ɓangaren aikinmu. Nes of kin ba magaji ba ne, don Allah kowa a guruf ɗin nan ya riƙe wannan. Sunan wanda za a tuntuɓa ne kawai in wani abu ya faru, ba ya ba ka ko naira ɗaya, shi ya sa bankin suka tsaya a kan takardar kotu, kuma daidai suka yi, kariya ce ga marayun. Takardar da suke nufi ita ce ta izinin kula da dukiyar mamaci, wadda muke cewa leta of administireshan, sashen furobet na Babbar Kotu, wato mai kula da al'amuran dukiyar mamata, shi ke bayarwa. Za ku buƙaci shaidar rasuwa da sunayen magada da jerin abin da ya bari. Rabon kansa na kotun shari'ar musulunci ne, in wani bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara, sashe na 277 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi in mai dukiyar musulmi ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali a rubutunka yaron shagon ne. Fawa wakilci ce, wakili kuwa da ran mai wakiltawa yake aiki, ranar da Yaya ya cika ranar takardar nan ta faɗi. Akwai wata iri da ake yi wadda ba a warwarewa, in an bayar da ita ne a kan kuɗin da aka biya, amma ta tafiyar da shago ba irinta ba ce. Yau wata takwas yana saye da sayarwa da dukiyar marayu ba da izinin kowa ba. Ba na cewa yaron macuci ne, wataƙila ma shi gani yake taimako yake kada shago ya mutu, amma ko don kare kansa a je a ƙirga kayan shagon nan a satin nan, dila nawa yadi nawa, wa ake bi wa ke bi, a rubuta a sa hannu, sannan in ana so ya ci gaba kotu ko magada su naɗa shi.

Abban Sultan:
Barista na gode ƙwarai. Yaron kirki ne, shekararsa 12 da Yaya, kunyar ce masa a yi lissafi nake ji kada ya ga kamar ana zarginsa.

Alhajin Singa:
Ƙanina wannan kunyar ita ta kashe mu a kasuwa. Ka je ka same shi ka ce masa doka ce ba zargi ba, in na kirki ne daɗi zai ji an sauke masa kaya. Kuma ka tambaye shi ko Yayanka ya yi masa alƙawarin sallama, don galibi akwai irin wannan maganar tsakanin uban gida da yaro kuma da baki ake yi, in ba a tayar ba zai ji an zalunce shi ya yi shiru, daga nan zuciya take fara raya wa mutum abubuwa.

Maman Hanifa:
Malam don Allah maganar gidan amarya fa? Ni tausayi take ba ni, in da gaske ya ba ta fa?

Malam na Gwammaja:
Nan ne wajen da yake da zafi Maman Hanifa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. In ya rasu ba a yi hauzi ba kyautar ta ɓaci, abin ya koma gado. Kuma malamanmu sun yi magana a kan wannan surar ƙarara: mace in ta ba mijinta gidan da suke zaune ciki ya inganta, amma miji in ya ba matarsa gidan da yake zaune ciki da ita, ya ci gaba da zamansa har ya rasu, ba a ɗauke shi hauzi ba, saboda shi ke da nauyin ba ta wajen zama, zamanta a ciki bai nuna gidan ya fita daga hannunsa ba. Ban yanke hukunci a kan wannan gidan ba, alƙali ne zai ji shaidu ya ga takardu. Ina faɗa ne don maza masu yin irin wannan kyautar a ɗaki da daddare su sani cewa wahala suke bar wa baiwar Allah. In za ka ba ta, kira shaidu, juya takarda zuwa sunanta, ka tambayi malami yadda hauzin zai tabbata.

Haka in mutum ya yi kyauta yana cikin ciwon ajali, hukuncin wasiyya take ɗauka. Sannan mai ba 'ya'ya kyauta ya tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, da mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai ya zo neman Annabi SAW ya yi shaida ya ƙi, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku.

Uwar Marayu:
Ni ban cika magana a nan ba amma yau sai na yi. Mijina ya rasu ya bar min yara huɗu, bayan shekara biyu mahaifinsa ya rasu. Tsohon nan yana ƙaunar jikokinsa, kullum cewa yake rabon ubansu nasu ne, kowa ya ji, amma bai rubuta ba bai kira shaidu ba. Da aka zo rabo aka ce min yarana ba su da gado tunda ubansu ya riga kakansu rasuwa kuma baffanninsu suna raye. Mijina shi ya yi wa gidan nan rufi da kuɗinsa, shi ya ja ruwa. Ban yi jayayya da hukuncin Allah ba, amma na yi kuka, gidan da muke zaune aka yi masa kuɗi aka sayar, yanzu haya nake a Kurna ina sayar da awara da ɗan wake. Baffansu ɗaya ne ya cire wani abu daga kasonsa ya ba su, Allah ya saka masa.

Malam na Gwammaja:
Allah ya raya miki su ya sa su zama sanyin idonki. Wannan shi ne ainihin wurin da sulusi yake aiki. Jikokin da aka katange ba magada ba ne, don haka kakansu yana da cikakken iko ya yi musu wasiyya har zuwa sulusi, babu mai hanawa. A Masar ma tun 1946 suka mai da ita doka, ko kaka bai yi ba a fitar wa irin waɗannan jikokin, mu a nan sai in ya yi da kansa. Duk wanda ke da tsoho a gida kuma akwai marayun jikoki, don Allah ya lallaɓa ya tuna masa yau. Haka agola da ka raina, da ɗan riƙo, da yaron gida da ya tsufa a hidimarka, duk babu mai gado a cikinsu. Su kuma magada su tuna aya ta 8 a Nisa'i, in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu a gaya musu magana mai daɗi.

Ɗan Wambai:
Uwar Marayu labarinki ya taɓa ni wlh. Malam na janye maganar turawa. Amma ga tsorona na gaskiya, in na zauna na lissafa abin da na mallaka na rubuta, takardar nan ta faɗa hannun da bai dace ba fa? Mata biyu gare ni, ɗaya ta ga an rubuta wani abu gidan zai kama da wuta, ga zamanin da ake ɗauke mutum saboda an ji yana da abu.

Barista Ummi:
Tsoronka a kan hanya yake, amma ba a ce ka liƙa ta a falo ba. Ka rubuta, ka sa hannu a gaban shaidu biyu adilai waɗanda ba su da komai a ciki, su ma su sa hannu, a rufe a ambulan. Kwafi ɗaya wajen lauya ko a ajiye a sashen furobet, ɗaya wajen wanda ka naɗa wasiyyi, wato wanda zai zartar da wasiyyar. Iyali abin da za su sani kawai shi ne akwai takarda kuma tana wajen wane. Kuma kana iya canja ta duk ranar da ka so muddin kana raye, an yi haihuwa ko ka sayar da fili sai ka sabunta ka sa kwanan wata.

Abu ɗaya da nake roƙo, ku je wajen lauyan da ya san shari'ar musulunci, kada a ɗauko muku fom ɗin wasiyya irin ta dokar Ingila ta 1837 a cike. An taɓa yin shari'ar Adesubokan da Yunusa, a 1971 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani musulmi da ya yi ta a ƙarƙashin waccan dokar duk da rabon da ya yi ya saɓa wa na musulunci, daga baya ne wasu jihohi suka yi nasu dokokin da suka toshe wannan ƙofar. Don haka a rubuta ɓaro-ɓaro cewa kai musulmi ne kuma a raba abin da ka bari bisa shari'a a mazhabar Malikiyya.

Malam na Gwammaja:
Maganar shaidu da Barista ta yi a fiƙihu ma haka take. Ko an gane rubutun hannunka ne, in ba ka kafa shaidu ba kuma ba ka ce a zartar ba, ba a aiki da ita, don ana iya cewa tunani kake ka fasa. To rubutu a bayan littafin shago a jefa a durowa bai wadatar ba.

Hajiya mai Atamfa:
Duk maza ake ta yi wa magana, mu mata fa? Mu ne ma muka fi ɓoye-ɓoye. Gwal yana wajen ƙawa, adashi uku uwar adashi kaɗai ta sani, an ba ƙani kuɗi ya sayi fili da sunansa don kada miji ya sani. Ranar da aka rasu dangi su zo su kwashe kayan ɗaki kafin a yi bakwai kamar ba gado ba, alhali miji yana da rubu'i in akwai 'ya'ya, rabi in babu, iyayenta suna da nasu yara suna da nasu. Sannan wadda ta sa kuɗinta a ginin miji, ni na sa, na sayar da sarƙata aka yi dakin, wato rufin kankare, takarda kuma sunansa ce. Da na ce ya rubuta min sai ya ce wato kin fara lissafin mutuwata, na ce a'a Alhaji ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani ta rubuta bashi ce, 282 a Baƙara, ni ita na bi. Ya yi fushi na kwana biyu, daga baya da kansa ya kira ƙaninsa da liman aka rubuta.

Sadiq Fam Santa:
Ni a wajen gyaran waya nake, kusan duk wata sai an kawo min wayar mamaci a ce in buɗe akwai kuɗi a ciki, OPay ne Moniepoint ne wani ma kirifto, wato kuɗin intanet. Na banki ko ba waya in an bi ta kotu da BVN ana iya gano su, amma kirifton da mutum ya riƙe a walat ɗinsa in kalmomin sirrin buɗe walat ɗin suka tafi da shi shikenan babu ofishin da za ka je. A rubuta su a takarda daban a rufe a ba amintacce. Kuma masu ɗaukar katin mamaci su je POS su cire saboda sun san lamba, ku daina, kuɗin ya zama na magada tun daga lokacin da ya cika.

Barista Ummi:
Sadiq ka taɓo wajen. Asusun da aka bari ba a taɓa ba yana zama matacce, in ya kai shekara 10 a haka bisa ƙa'idar Babban Banki ta 2024 ana mayar da kuɗin wani asusu na musamman a can, magada suna iya nema amma sai sun san da shi tukuna. Ma'aikata kuma ku gaya wa iyali kamfanin fanshonku, sannan dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, gidaje da yawa ba su san ana nema ba.

Abu Fatima:
Barista ni tawa a kan rashin lafiya ce ba mutuwa ba. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, baki ya riƙe hannu ba ya sa hannu, kuɗinsa na banki mu kuma muna yawon rance muna biyan asibiti. Da ya yi wa ɗayanmu fawa ɗin nan da ta yi aiki?

Barista Ummi:
Allah ya ba Baba lafiya. In jiki ne ya gaza amma hankalinsa na nan, e tana aiki, ko yanzu ma ana iya yi ya dangwala yatsa gaban shaidu in likita ya tabbatar yana fahimtar abin da ake yi. In hankali ne ya gushe, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa, sai a je kotu ta naɗa mai kula da dukiyarsa. Ga dattijai na fi ba da shawarar tun da lafiya a je banki a ƙara sunan ɗa ɗaya amintacce cikin masu sa hannu, sauran 'ya'ya su sani. Kuma duk mai yin fawa ya ƙayyade ta, aiki kaza daga wata kaza zuwa wata kaza, kada a rubuta wa mutum ikon yin komai da komai. Masu sayen fili da fawa kaɗai su ma su kula, Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1993 a shari'ar Ude da Nwara cewa ita ba takardar mallaka ba ce, a yi takardar ciniki a nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta ce, a je KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, a juya suna.

Alhajin Singa:
To maganar tiros ɗin nan, wato asusun amana, da 'yan banki suke ta tallata mana fa, wai ka ware kuɗi don karatun yara, halal ce ko dabarar guje wa gado ce?

Malam na Gwammaja:
Alhaji mu muna da namu tun tuni, waƙafi ko hubusi. Sayyidina Umar da ya samu fili a Khaibar Annabi SAW ya ce masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gada. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa musulmi. Ana yi don masallaci ko islamiyya, ana yi don zuriya, misali shaguna biyu hayarsu ta tafi karatun jikoki. In ka yi da lafiyarka ka fitar daga hannunka ya zauna, in a wasiyya ka rubuta a yi bayan ranka to cikin sulusi yake. Abin dubawa niyya ce da tsari, wanda ya yi don ya hana 'ya'ya mata ko 'ya'yan wata matar rabonsu zalunci ya yi ko da wane suna ya kira shi, malamanmu ma sun yi magana mai tsanani a kan hubusin da aka yi wa maza aka cire mata. A nan Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, ana iya zuwa a tambaya.

Barista Ummi:
Na zamanin kusan haka yake, kana miƙa dukiyar ga amintattu su riƙe su juya bisa sharuɗɗan da ka gindaya. In kamfani ne ka tabbatar yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ka tambayi nawa suke cira duk shekara da inda za su zuba kuɗin don kada a sa maka a harkar ruwa. In waƙafin jama'a ne kamar makaranta gara a yi wa amintattun rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, takardar filin ta koma sunan waƙafin, don mun sha ganin islamiyyar da mai ita ya ce ya bar wa Allah amma satifiket na sunansa, jikoki su taso su ce gado ne.

Abban Sultan:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ban yi zaton zan samu haka ba. Jiya bayan isha'i na je na samu yaron shagon, ashe shi ma a takure yake, har ya fito min da littafin da yake rubuta komai tun ranar rasuwar, kuma ya ce ya san maganar kuɗin Hajiya, shi ya kai su banki da hannunsa kuma yana jin rasit ɗin yana cikin tsofaffin fayil. Ya kuma san dillalin da Yaya yake sayen filaye a hannunsa a Dorayi. Ranar Asabar za mu rufe shago mu yi ƙirga da wakilin kowane ɗaki. Maganar gidan amarya na gaya wa Hajiya mu bar wa alƙali, ta yi shiru ta ce to, amma ta ce ko yaya hukunci ya kasance ita daga sudusinta za ta sa wa yarinyar wani abu saboda ƙananan yara gare ta. Malam in Allah ya kai mu Juma'a zan zo da daftarin tawa ka duba min kafin in kai wa Barista. Tambaya ɗaya, wasiyyin da zan naɗa wa yarana dole sai namiji, ko zan iya sa mahaifiyarsu?

Malam na Gwammaja:
Za ka iya sa ta, sharaɗin musulunci ne da hankali da amana da iya riƙon dukiya, ba a ce sai namiji ba. In kana so ka haɗa ta da wani ɗan'uwanka su zama biyu, amma ka tambaye su tukuna su amsa da bakinsu. Ka zo bayan la'asar, ka taho da jerin bashin da ake binka da wanda kake bi, da shi za mu fara.